Askin Tagwaye

Jikokina tagwaye ne, kamarsu ɗaya. Da guda ya kamu da tari, ni aka bar wa ba da magani, na yi ta ɗura wa mai lafiyar. Na ce ai ni wanzami ne, duk unguwarmu ta Kpakungu an san askata, sai na aske wa mai tarin kai tas don in riƙa bambanta su. Matata ta ce ba a yi wa ɗan biyu abu a bar ɗan'uwansa. Dole na aske ɗayan ma.

Muna zaune, guda ya shafa sanƙona ya ce, "Kaka, mun zama mu uku," dariya ta tayar masa da tarin. Ɗan'uwansa kuwa kunya ta sa ya ɓuya bayan ƙofa. Tun ranar, sai an tsokane ni nake buɗe kwalbar maganin, don na gane mai tsokanar shi ne mai tarin.