Kaguwa a Ƙirji

Gara in rubuta tun abin bai huce ba.

Kuɗin gwamnati ne ya kawo mu London, a shekarun nan da arzikin mai ya sa ake ta turo mutane karatu. Maigidana likita ne, ya zo ƙaro ilimi. Muna haya a saman bene a unguwar Barking, mai gidan kuma tana ƙasa, wata tsohuwar Baturiya da marigayi mijinta ya bar wa tsofaffin littattafai har cikin kicin.

Bayan na haihu, nonona na hagu ya kumbura, ya yi zafi kamar an kara garwashi. Aka ce ƙurji ne a ciki, sai an tsaga. Aka sa mini ranar aiki a asibitin da maigidana yake aiki. Abu ɗaya nake tsoro: kada ruwan nonon ya ɗauke, 'yata ko arba'in ba ta yi ba.

Ana gobe za a yi aikin, da hantsi, tsohuwar ta kira ni shan shayi. Don ta ɗebe mini kewa sai ta ɗauko wani littafi mai warin ƙura, ta buɗe hoton mutum tsirara, dabbobi sun hau jikinsa: rago a ka, bijimi a wuya, kaguwa a ƙirji, kifaye a ƙafa.

"Dubi nan, 'yata," in ji ta. "Haka kakanninmu suke magani a da. Dabbobin nan sunayen taurari ne, kowace gaɓa da taurarinta. In wata ya sauka a taurarin gaɓa, wanzami ba ya kai mata wuƙa, wai ciwon ba zai warke ba."

Na ce, "Gobe fa, ina watan yake?"

Ta duba kalandarta, ta ƙyalƙyale da dariya. "A cikin kaguwa! Kin ji wani abu."

Ni da na yi sakandare, ni da nake yi wa kakata dariya in ta ce ba a tafiya ranar kaza. Amma wannan a buge yake, da Turanci, a ƙasar likitoci. Sai na ji kamar asiri ne suka ɓoye wa irinmu.

Washegari an sa mini rigar asibiti, babban likitan fiɗa ya zo da ɗalibansa, maigidana na cikinsu. Na tattara Turancin makarantata kaf na ce ina roƙo a ɗaga aikin, saboda wata yana cikin kaguwa.

Wata ɗaliba ta toshe baki.

Maigidana ya sunkuyo, da Hausa, ƙasa-ƙasa: "Ke! Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Don Allah, Likita, ka bari ya wuce."

Babban likitan ya dubi maigidana yana murmushi. "Haka kuke yi a ƙasarku?"

Da na yi shiru da ya fi. Sai na ce, "Ba namu ba ne, naku ne. A littafinku na gani."

Nan dariyar ta ɓarke. Maigidana bai yi ba. Na ƙi sa hannu, muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa muka dawo gida.

Kafin wata ya fita daga kaguwa, zazzaɓi ya kayar da ni. A motar asibiti aka mayar da ni. Tsagar da za a yi kamar gaɓar yatsa ta zama kamar tafin hannu, na yi kwanaki ban san inda kaina yake ba.

Matar wani ɗan garinmu mai aikin rediyo, wadda nake kira Yaya, ita ta riƙe mini jaririyar. Da ta kawo mini kunu sai ta tsaya a bakin gado.

"Malama mai taurari, yau wata ya yarda a sha kunu, ko sai jibi?"

Na yi yaƙe. Da ta ga hawaye ta zauna ta riƙe hannuna. "Haba ƙanwata, wasa nake yi. Tsoro ne, kowa yana da irin nasa."

Na dawo gida ruwan nonon ya ɗauke, duka biyun. Yarinyar ta saba da kwalba. Ɗazu na gwada sa ta a na dama, ta kama, ta saki, ta juya kai tana kuka. Babanta ya tashi ya ɗora ruwan zafi, ya karɓe ta daga hannuna.