Kanwa a Ruwan Fadama

Jiya na kurɓi ruwan fadamarmu, sai na ji kanwa a harshe. Rabona da wannan ɗanɗano tun farkon shekarun fari, lokacin da tsohon nan yake raye.

Shi ke raba mana ruwan korama, mu na wajen Gaffati da mutanen gangare. Ba takarda, ba ma'auni. Kullum da safe zai tsuguna, ya kamfato ruwa a tafin hannu, ya kuskure baki, ya tofar. In ya ji gafin kanwa, kowa ya rage ban-ruwa.

Wata safiya ya tofar, ya daɗe bai miƙe ba.

Ya ce, "Kwana uku kada wanda ya taɓa guga."

Albasata ta riga ta kwanta. Na ce, "Baba, iyalina fa? Harshenka za su ci?"

"Ɗana, albasa in ta mutu a sake dasawa. Ƙasa in ta sha kanwa, jikanka ma ba zai noma ta ba."

Na zage shi a zuci, amma na aje guga. Rabin albasar ta farfaɗo.

Yau injunan ban-ruwa suna ta zuƙa, na tudu ba ya tuna na gangare. Na je na faɗa wa masu injunan abin da na ɗanɗana, suka ce in kawo takarda daga biro, wato ofishin hukuma. Gefen lambuna kuwa har ya fara yin fari, kamar an barbaɗa gari.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya shayar da kai ruwa mai daɗi. Mu kuma ya fito mana da wanda zai ce a aje guga, a aje.