Jitar Yaya Nura da Dutsen Niƙa

Shekarar da Hajiya Kaka, mahaifiyar Abbanmu, ta zo wurinmu a Guangzhou ta ƙasar Sin a yi mata aikin ido, ina da shekara tara. Ta sauka a tsakiyar sanyi, irin sanyin garin nan mai danshi da ke shiga har ƙashi, ga gidanmu a hawa na sha ɗaya, babu inda za a hura wuta. Umma ta saya mata hita. Kaka ta ƙare mata kallo ta ce wutar da ba ta hayaƙi ai ba wuta ba ce, amma daga ranar ba ta ƙara matsawa daga gabanta ba. Da an idar da sallar magariba sai ta miƙe ƙafa, ni da ƙannena biyu mu kewaye ta. Kalma ɗaya ta koya da Sinanci, meyo, wato babu, kuma da ita take korar mu idan mun nemi tatsuniya ta biyu.

Yaya Nura ne kaɗai ba ya zama da mu. Shekararsa sha bakwai a lokacin. A makaranta baƙo ne, idan kuma muka je hutu Kano a ce masa ɗan Sin. Ba shi da aboki sai wata jita ta lantarki da ya saya ta hannu, da ƙaramar sifika. Sau biyu maƙwabta suna kawo ƙara, har Abba ya rantse cewa in ya sake jin wannan kiɗa a gidansa, Nura zai koma Kano ya zauna a shagon Kawu Sabo. Sai Yaya ya ɓoye jitar a saman wadrob, bayan akwatuna, yana kaɗawa a hankali idan Abba ya tafi kasuwar Shahe. Abin dariyar, sana'ar Abba kenan: wandunan jins da aka yayyaga da inji da riguna masu gida-gida da aka koɗar da gangan, kwantena-kwantena yake aikawa gida. Kayan masu wannan kiɗa yake sayarwa, bai ma sani ba.

Wata yamma Abba ya tafi tashar jiragen ruwa ta Nansha duba lodi. Kaka ta ɗaga murya ta ce, "Maigidana, fito ka jiyar da ni abin nan da ake ta rigima a kansa."

Yaya Nura ya fito yana sunkuyar da kai, ya kunna mata a waya. Da farko ya sa mata wani kiɗan rok mai santsi, ya nuna mata hoton masu yin sa: gashi a tsaye, wando mai ƙyalli. Ya ce su waɗannan waƙarsu ta mata ce da motoci da shagali, mai jitar kuma sai ya daɗe yana gudu da yatsu don a san ya iya.

"'Yan burga ne," in ji Kaka. "Muna da irinsu a gidan biki."

Ya sa wani mai sauri, ya ce wannan fushi ne zalla, minti biyu an gama. Sannan ya sa nasa. Ya ce sunansa grunge, daga wani gari mai yawan ruwan sama a Amurka ya fito, Seattle, kuma samarin da suka fara shi da kayan gwanjon da suka wuni da su suke hawa dandamali. Sun aro nauyin sauti daga wani kiɗan, sun aro rashin kwalliya daga wani, suka rage sauri. Sautin jitar a dame yake kamar ruwan kududdufi, da gangan ba a tace shi ba. Mawaƙin ya fara ƙasa-ƙasa kamar mai magana da kansa, can sai komai ya fashe, muryarsa ta dishe, sai kuma ya koma ƙasa.

Kaka ta rufe idonta mai lafiya tana saurare. Da ya ƙare ta ce, "Me yake faɗa?"

"Cewa yake ya gaji, Kaka. Ba ya jin shi ɗan ko'ina ne."

"Ai na ji. Wannan ba fushi yake ba, ciwo yake ji." Ta dubi Yaya, ta daɗe tana dubansa. Ni kuwa haushi ya kama ni, don an cinye mana lokacin tatsuniya.

Washegari Abba yana gida, yana shan shayi a teburi. Kaka ta ce, "To, ga wata nan tafe." Muka ce ta iso mu ji ta.

Ta ce a wani gari an yi wata yarinya da uwarta ta rasu. Mutanen gidan masu kirki ne, suna ba ta ci da sha, amma ba sa son kuka. Da ta fara sai a ce ta yi haƙuri. Sai yarinyar ta riƙa ɗaukar gero tana zuwa wajen dutsen niƙa. Idan ta jawo ɗan dutsen sai ta yi waƙa a hankali, idan ta tura sai ta saki murya, ƙarar dutse ta rufe kukan. Kullum haka, garin ya yi laushi, ita ma ta samu sauƙi. Amma mutanen gida suka ce ƙarar ta dame su, waƙar kuma ba daɗi, ba irin ta 'yan matan dandali ba ce. Suka ɗauke dutsen suka kai bayan gari. Gida ya yi tsit, kowa ya ji daɗi, ana ta yabon yarinya ta yi hankali. Sai da damina ta zagayo wani ya lura cewa tun ranar ba a ƙara jin ta ce komai ba sai "to". Aka ruga aka dawo da dutsen, aka ajiye a gabanta. Ta dube shi ta ce, "Na mene ne?"

"Nan na ajiye ta," in ji Kaka, "mai kunne ya ɗauka."

Abba ya ajiye kofi ya ce, "Hajiya, ai tatsuniya ta yara ce."

"Kai ma yaro ne a wurina," ta ce.

Abba ya gane da shi ake, ya kuma gane cewa jitar tana cikin gidan. Da safe ya kira ni ya ce, "Binta, ke ba kya ƙarya. Ina take?" Ina alfahari da wannan yabo ƙwarai. Hannu kawai na ɗaga na nuna saman wadrob.

Abba ya cika rantsuwarsa: jirgi ɗaya Yaya Nura ya hau da Kaka zuwa Kano. An ce har suka sauka tana riƙe da hannunsa. Ba ta ƙara shekara biyu a duniya ba.

A Kano kowa ya yaba. Nura ya natsu, Nura ba ya musu, Nura ne farkon buɗe shago. Yanzu yana da mata da 'ya'ya uku, ni kuma na gaji Abba a Shahe, ni ke aika masa kaya. Mukan yi waya duk Juma'a, ba ma wuce minti uku. Lafiya lau, kaya sun iso, a gaida yara.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin faɗan uwa da ɗanta, ina ɗora wa Abba laifi. Sai da na girma na yarda cewa mutanen gidan can ba mugaye ba ne, shiru kawai suke so, kuma ni ma ina cikinsu. Abin yana ci mini rai har yau.

Bara na kasa daurewa. Bayan mun gama maganar kaya na ce, "Yaya, ni ce na nuna wa Abba jitarka. Ka yafe mini."

Na shirya wa faɗa, har addu'a nake ya yi mini ihu. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Ba komai, Binta," ya ce, muryarsa sumul. "Ƙuruciya ce. Sauran kayan yaushe za su taso?"