Malam Haliru da Ƙarfen Hawa na Sha Tara

Haƙoransa biyu na gaba a gabana suka fita, ni ma na tsinci ɗaya a kan tayil. Bari in gaya muku waye Malam Haliru tunda na ji mata suna ta cewa wai shi ya ja faɗan.

Mutumin Dawakin Tofa ne, karatun gini ya kawo shi Kuala Lumpur shekara sha ɗaya ke nan, can wajen Jalan Semarak ya yi, da ya gama bai koma ba ya auri 'yar Malay suka buɗe sana'ar duba gida. In za ka saya ko za ka kama haya sai ka kira shi, ya zo da wata sandar ƙarfe mai ƙwallo a kai yana jan ta kan tayil yana saurare, inda ya ji fanko sai ya manna jar sitika. Ya gwada soket, ya buɗe famfo, ya toshe banɗaki ya cika shi da ruwa ya ga ko zai yi yoyo. 'Yan China da Malay su ne masu kiransa. Namu ba sa kira, wai abin kunya ne ɗan uwanka ya samo maka gida ka kawo mai bincike, kamar ka ce masa maƙaryaci. Ƙaramin yatsansa a karkace yake, wani ɗan kwangila ne ya datse masa da ƙofa don ya manna sitika ɗari da arba'in a gida ɗaya, in yana ba da labarin har dariya yake.

To ni wata huɗu da zuwana, ɗaki ɗaya muke da mijina Hussaini da 'yarmu Afnan, shekararta biyu, yarinya ce kana juya baya ta haye tebur. Al-Amin abokin mijina ne tun Kano, ejan ne, dillalin gidaje, shi ya samo mana gida a Setapak hawa na sha tara. Ina ganin balkonin gabana ya faɗi. Na ce a kira Malam Haliru, Abban Afnan ya ce ba da shi ba, da wane ido zai kalli Al-Amin. Ni kuwa na karɓi lamba wajen matar Malam Haliru na kira shi da kaina. Ranar Asabar da hantsi na ce shara za ni, aka ba ni makulli.

Malam Haliru ya zo, ya gama falo da kicin ya fita balkoni ya tsuguna, ya kankare fentin gindin ƙarfen da ya kange balkonin da sukundireba sai tsatsa ta dinga zuba kamar garin yaji.

"Maman Afnan, goya yarinyar nan tukun ki zo ki gani," in ji shi. "Kusoshin sun cinye, fenti aka shafa a kai. Wannan ko tattabara ce ta sauka sai ta yi addu'a."

Ina goya ta Al-Amin ya shigo, ashe mai gadi ne ya kira shi. Ya kalli sitikun nan ja ko'ina, ya kalle ni.

"Hajiya, ni za ki yi wa haka? Hussaini ya sani?"

Na gyara goyona. Ya hau ɓare sitiku yana watsarwa yana cewa injiniyan ƙwanƙwasa, ka rasa inda za ka ci abinci sai a kan mutuncina. Malam Haliru ya ce masa, "Ɓare duka, boleh lah, ba komai, na ɗau hoto. Amma ƙarfen nan yau sai na kai rahotonsa ofishin masu kula da ginin, akwai mutane a ƙasa."

Ashe shi Al-Amin ɗin ne ya sa aka yi fentin, alhali mai gidan cewa ya yi a gyara ƙarfen. Kafin in ƙifta ido ya fizgi sandar nan ya ɗirka masa a baki. Ƙarar har yanzu tana kunnena. Jini ya wanke masa gaban riga, ya durƙusa, Al-Amin ya ƙara masa a gadon baya ya sa ƙafa ya haure shi a haƙarƙari. Afnan tana ihu a bayana ni ma ina ihu ina cewa ka bari don Allah. Malam Haliru ya miƙe ya shaƙo wuyansa suka bugu da ƙofar gilas ta tarwatse, gilas ya tsarge wa Al-Amin hannu, suka faɗo balkoni.

Al-Amin ya ƙwace yana huci ya ce, "Ƙarfen ne ba kyau? Ga shi nan," ya juya ya bugi ƙarfen da bayansa da ƙarfin tsiya don ya nuna mana.

Gefe ɗaya ya tsinke. Wallahi na ga ƙafafunsa sun bar ƙasa. Malam Haliru ya yi tsalle ya damƙi bel ɗin wandonsa ya kife a ƙasa kan gilas, na ji kafaɗarsa ta yi ƙas, bai saki ba. Na kama ƙafar Malam Haliru ina ja da goyo a bayana, sai ga mai gadin ɗan Nepal ya shigo da gudu ya kamo rigar Al-Amin muka jawo shi ciki. Guntun ƙarfen ya tafi ƙasa ya huda rufin inda ake ajiye motoci, Allah ya sa ba kowa.

Al-Amin yana kwance yana amai, Malam Haliru yana zaune hannunsa na reto bakinsa na zubar jini, ya miƙo min wayarsa da hagu ya ce in ɗauki hoton ramin kusoshin kafin a taɓa.

'Yan sanda sun zo, Malam Haliru ya ce ba zai yi ƙara ba, amma rahoton ya kai shi a ranar daga asibiti. Abban Afnan kwana huɗu bai yi min magana ba, rana ta biyar shi da kansa ya kira Malam Haliru ya duba mana wani gidan, ya zo hannu a rataye. Hawa na biyu muka kama, babu balkoni, a falo nake shanya.