Zobon Inna a Gaban Alƙalai

Takardar ɗaukata aiki ta ce ni mai kula da ɗakin gwaje-gwaje ce a wata makarantar 'yan mata da ke ƙasar Gwaram. Takardar ba ta yi ƙarya ba, rowar magana kawai ta yi. Ba ta ce ni zan riƙe akwatin magani ba, ko in raka yarinyar da ta suma asibiti. Ba ta ce in malami bai zo ba ni zan shiga aji in tsare yara ba. Duk aikin da ya rasa mai shi, sai ka ji an ce a kira Malamar lab, ai ita ba ta da aji. Ni kuwa ina da baki, kowa ya san haka, amma sai na gama aikin nake mita.

Ɗakin nawa dogo ne, da tebura shida na siminti da famfon da bai taɓa kawo ruwa ba. A shekarata ta huɗu iskar damina ta yaye rufin siton makaranta, aka kwaso karyayyun kujeru aka jibge min a rabin ɗakin, wai na ɗan lokaci. Ɗan lokacin ya shekara. Wata safiya shugabar makaranta, Hajiya, ta leƙo ta tsaya a bakin ƙofa tana ƙare wa kujerun kallo. Ta ce in an dawo hutu za a mayar da ɗakin sito gaba ɗaya, kwalabena kuma a zuba su a kabad a ofishin malamai, tunda magungunan gwaji duk sun lalace, yara ba sa ganin komai sai zane a allo.

Ba muguwa ba ce, matsin wuri ne ya ishe ta. Amma na ji maganar har cikin ƙashina. In aka rufe ɗakin nan, na zama 'yar aike ke nan mai albashi, yaran kuma su gama makaranta ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Na faɗa mata haka, da ɗan zafi.

Sai ga takarda daga ofishin ilimi na shiyya, za a yi baje kolin kimiyya na makarantu a Birnin Kudu, kowace makaranta ta kawo abin da ɗalibanta suka yi. Hajiya ta sa sunan malamin kimiyyarmu a matsayin uban kulob ɗin kimiyya da za a kafa, ni kuma ta miƙo min takardar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

"In ba ƙira, me ya ci gawayi?" in ji ta. "Shekara huɗu kina riƙe da makulli. Ki nuna min abin da ɗakin yake haifarwa, sai in san abin da zan yi da kujerun."

Na ce na ji na karɓa. Da na koma ɗakin na buɗe kabad, sai na tarar ko takardar litimos, wadda ake tsomawa a ruwa ta canza launi a gane asid ne ko kishiyarsa, duk ta koɗe. Na zauna ina shan zobon da na saya a bakin get, raina a ɓace. Garin ajiye ƙullin ya tsiyaye a teburin da na goge da ruwan sabulu, ina kallo ja ya koma kore. An koya mana wannan tun muna makaranta, wahala ce ta mantar da ni. Zobo da kansa ma'auni ne. Ka ɗiga masa abu mai tsami ya ƙara ja, ka ɗiga masa ruwan kanwa ko na toka ya yi kore.

Ranar Laraba bayan tashi muka fara kulob da yara goma sha ɗaya. Cikin sati uku suka koma huɗu, don na nesa in sun tsaya sai su rasa babur, iyaye kuma ba sa son yamma ta yi wa 'ya mace a hanya. Na bi gida biyu da ƙafata na roƙi arziki. Cikin huɗun akwai wata doguwa 'yar garin Sara, mai gardamar tsiya, wadda ba ta yarda da komai sai ta gwada da hannunta. Ita ta sayo mana zobo a kasuwarsu. Muka gwada lemon tsami, tsamiya, nono, toka, kanwa, sabulun wanki, har ruwan rijiyar makaranta. Suka zana launukan a babban kwali, daga ja jawur zuwa kore shar. Ruwan da muke aiki da shi kuwa, ni nake ɗebo shi a bokiti tun da safe. Malamin kimiyya ya leƙo sau biyu, ya ce ma sha Allah, ya wuce.

Baje kolin ranar Asabar ne. Na shirya ranar Juma'a in jiƙa zobo in tace da kaina, sai Juma'ar ta zo da nata. Da safe aka ce in jera kayan gwajin jarrabawar 'yan aji shida. Ban gama ba wata yarinya ta yanke a ƙafa, na kai ta aka ɗinke. Na dawo aka ce in tsare aji biyu. Sai la'asar sakaliya na samu motar Birnin Kudu, inda gidanmu yake, da ƙullin busasshen zobo a jaka. Yaran za su taho da safe a bas tare da malamin.

Na isa gida ana kiran magariba, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Na miƙa wa mahaifiyata ƙullin, na ce Inna ki taimaka ki jiƙa min wannan ki tace a jarka, gobe za mu kai shi gaban manya. Iyakar abin da na ce ke nan, kuma laifina ke nan. Inna ta shekara talatin tana yin zobon biki da na suna a unguwarmu. Ka ce mata za a kai zobo gaban manya, ka gama magana.

Da safe na tarar da jarka a ƙofar ɗaki, an nannaɗe ta da jiƙaƙƙen buhu don ta yi sanyi. Na ɗauka na hau acaɓa ban buɗe ba.

Zauren taron ya cika. Wata makaranta ta kawo ƙaramin gida mai fitilar hasken rana, wata ta kawo injin ban ruwa da aka haɗa da batir. Mu kuwa kwali ɗaya, jarka ɗaya, kwalabe goma sha biyu, da ledar lemon tsami. Yarana suka fara raina kansu, na ce kowa ta gyara hijabinta ta tsaya daidai, ba bara muka zo ba.

Alƙalai uku ne, suna bi tebur tebur. Saura tebur ɗaya su iso mu na ce 'yar Sara ta zuba. Tana buɗe jarka ƙamshin citta da kanumfari ya bugi hancina. Abin da ya sauka a kwalba ba ja ba ne. Wani baƙi-baƙi ne mai duhu kamar ruwan rini. Na ɗanɗana a yatsa, zaƙi raɗau, babu tsami ko kaɗan. Inna ta yi mana zobon baƙi. Ta sa sukari, ta sa kayan ƙamshi, kuma kamar yadda ta saba, ta jefa 'yar kanwa don ta kashe tsamin. Wato gwajin da za mu yi a gaban alƙalai, Inna ta riga ta yi rabinsa a tukunya.

Malamin kimiyya ya matso ya raɗa min cewa mu ce kayanmu sun zube a hanya, a tsallake mu, ya fi a yi mana dariya. Na dube shi. Na tuna bokitan ruwa, na tuna kujerun nan. Na ce masa ba inda za mu. Kasuwa ba nisa, amma kafin a sayo wani zobon a jiƙa, alƙalai sun tashi. Sai na juya ga yaran, na faɗa musu gaskiya, cewa wannan ba zobonmu ba ne, an sa masa wani abu, kuma ba zan faɗi ko mene ne ba. Sati shida suna gwaji, su gano da kansu.

Babban alƙalin, wani dattijo mai farin gemu da tabarau, ya iso ya dubi kwalin, ya dubi kwalbar, ya ce launin nan ai ba ya cikin zanenku. Uku daga cikin yaran suka sunkuyar da kai. 'Yar Sara ta ɗaga kwalbar saitin taga, ta daɗe tana kallo.

"Malam, zobon kirki ja ne," ta ce. "Wannan ya bar ja ya nufi kore. In na yi daidai, kanwa aka sa masa ko toka. In haka ne kuwa, tsami zai dawo da shi."

Ta yanka lemo ta fara ɗigawa, sauran suna ƙirga mata a bayyane. Ɗigo na uku ba komai. Na shida ya fara washewa. A na tara jan ya fito tas, irin wanda suka zana a farkon kwali. Sai ta ɗauko ruwan toka ta mayar da shi kore, ta sake dawo da shi ja. Dattijon ya cire tabarau. Ya tambaye ta wa ya faɗa mata kanwa ce, ta ce ba kowa, kwalba ce ta faɗa. Ya tambayi inda suka koyi wannan, duk huɗun suka nuna ni, suka ce a lab ɗinmu. Ya rubuta wani abu a takarda, ya ce yana son ya zo ya ga ɗakin nan da idonsa in an dawo hutu.

Na uku muka zo. Takardar yabon ta fito da sunan makaranta da na malamin kimiyya, ya karɓa ana ɗaukarsa hoto. Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Sauran zobon kuwa alƙalai da malamai suka shanye shi tas, har ana tambayar wa ya haɗa.

Da na koma gida na ba Inna labari, ko a jikinta. Ta ce ita ba ta taɓa kai wa manya zobo gaya ba, kuma ba za ta fara da tsufanta ba. Da na nuna mata yadda launin ke juyawa a kofi, ta taɓe baki ta ce wannan ai tun tana budurwa ta sani, ashe har takarda ake bayarwa a kansa.

Ranar Litinin Hajiya ta zo ɗakin da kanta. Labarin zuwan dattijon ya riga ni isa. Ta ce kujerun nan ba za su yi kyan gani ba in baƙo ya zo, a fitar da su a jera a bayan ofis a rufa musu tamfol. Ta kuma ce tunda abin ya karɓu, kulob ya koma sau biyu a sati. Na tambayi wa zai kwashe kujerun. Ta dube ni, na dube ta, muka yi dariya, don duk mun san amsar.

Kwana biyu ina jido. Da na fitar da ta ƙarshe na share ƙasan, na ga tebura uku da na shekara ban gani ba. Ranar Laraba na ɗebo ruwana tun da safe, bayan tashi na buɗe ƙofa na zauna ina jiran yara huɗu. Goma sha tara suka shigo, kowace da ƙullin zobo a hannunta.