Ranar da Kawu Ya Same Mu Babu Sukari

Inna ta riga ta auna tiyar gero za ta sayar, don ta sayo sukarin da za ta fita kunyar baƙo. Yayanta ne ya zo mana Kaura daga Shinkafi, a shekarar da ƙarin haraji ya tsauwala farashin kayan kanti. Maƙwabcinmu ɗan kwangila ko a jikinsa, mu kuwa shayi ya gagare mu.

Ta miƙa wa Kawu kunu lami, kanta a sunkuye.

Ya kurɓa ya ce, "Ke, mi a abin kunya? Haka muka sha gidana. Da na ji zaƙi, da na san abincin ɗiyanga kinka taɓa."

Inna ta yi ajiyar zuciya, ta mai da geron buhu.

Ku me tsada ta fara ɗaukewa a gidanku?