Kifin Mage

Duk wanda ya taɓa aiki a masaƙar garinmu ya san mahaifiyata, ko da bai san sunanta ba. Maman Shayi suke ce mata. Shagonta na daf da ƙofar masaƙa: tebur mai ledar fure, benci biyu, risho, da wata tukunya da gindinta ya yi baƙi tun kafin a haife ni. Da sanyin safiya ma'aikata ke cika bencin, tana tsaye a kansu tana tsiyayo shayi daga sama har ya yi kumfa. Ta san mai son sukari kamar me, ta san wanda likita ya hana amma yake kashe mata ido. Da tukunyar nan ta kai mu makaranta, ni da Yaya, bayan rasuwar Baba.

A garinmu safiya ta shayi ce da burodi. Mai hali ya ƙara ƙwai. Wanda ya ɗora tukunyar miya kafin rana ta ɗaga, sai maƙwabta su leƙo su tambaya ko baƙi aka yi. Mun san Umma 'yar bakin ruwa ce, daga can nesa aka auro ta, amma ba ta taɓa kai mu ba, ba ta kuma cika zancen wurin ba.

Abu ɗaya nake ƙi a shagon nan, magenta. Kullum sai Umma ta sayi kifi a hanya, na mage. Da jiniyar masaƙa ta kaɗa, benci ya watse, sai ta shige ɗan ɗakin baya ta ja ƙofa, wai mage ba ta son a kalle ta tana ci. Ƙarni ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa, mu toshe hanci mu gudu. Abin haushin, magen ba ta taɓa ƙiba ba. Ta mutu aka kawo wata, ita ma ƙashi da fata. Yaya har maganin tsutsa ya taɓa sayo mata.

Ita kuwa Umma, mun ɗauke ta mace marar ci. Da rana loma biyu, da yamma ta ce ƙamshin girki ya ƙosar da ita. Amma ga ta da jiki, ga ƙarfi, tana ɗaga buhun sukari ita kaɗai. Sai mu ce wasu haka Allah ya yi su.

Bana ta faɗi a gaban tukunyarta, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. A asibiti likita ya ce maƙogwaronta lafiya lau, za ta iya haɗiya. Ci ne ba ta yi. Kowace safiya nakan zo da filas da burodi mai laushi, in tsoma, in kai bakinta, sai ta kau da kai ta kalli bango. Na canza ganye, na canza madara, na yi mai citta, na yi marar sukari. Na lallashe ta, na yi kuka, wata rana har na ɗaga mata murya, Allah ya yafe mini. Da rana ta karɓi lomarta biyu ta rufe baki. Matar da ke cika ƙofa ta koma ba a ganin tudunta a ƙarƙashin bargo.

Ranar da likita ya ce in ba ta ci ba zuwa gobe za su zura mata roba ta hanci, ranar Kawu ya iso. Yayanta ne, masunci, Auta yake ce mata, rabona da shi tun jana'izar Baba. Ya shigo da jakarsa a kafaɗa, ya tarar da ni riƙe da cokali a bakinta.

"Mene ne wannan kike ba ta?"

"Shayi ne, Kawu."

"Shayi? Auta kike ba shayi?" Ya ajiye jaka ya dube ni sama da ƙasa. "Tun yaushe?"

"Tun da aka kwantar da ita. Shi ne abincinta."

"Innalillahi! Ku kashe ta ku huta mana! Auta ko ɗigon shayi ba ta sha, tun tana yarinya tayar mata da zuciya yake."

Na ji raina ya ɓaci. Mutumin da ya zo garin nan sau biyu a rayuwarsa zai gaya mini abin da uwata ke sha? Na ce, "Haba Kawu, Maman Shayi fa ake ce mata. Shekara nawa tana dafa shi?"

"Na ji tana dafawa. Kin taɓa ganin ta kai kofi baki?"

 Na juya wajen Yaya da ke jingine da taga, na ga shi ma idonsa ya fito. Muka yi ta lalube a kanmu. Ga ta tana zubawa, ga ta tana miƙawa, ga ta tana ɗaga kofi saitin haske tana duba kalarsa, tana sunsunawa. Tana sha kuwa, babu. Na ajiye cokalin.

Kawu ya kwana a gidana. Gari bai gama wayewa ba na ji ƙarar turmi a kicin. Na tarar da shi ya naɗe hannun riga, shinkafa na tafasa, kifi na nuna cikin romo ja wur da barkono. Maigidana ya fito yana tari, ya bi tagogi yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

"Wane ne ke girkin rana da sassafe haka? Gidan duk ya ɗauki ƙarni!"

Kawu bai ko juyo ba. Ya ce da ni, "Kin ga wannan? Haka kakarku ta yi."

Yana zare ƙaya yana ba ni labari. A wajensu, in ji shi, mutum kan ci ya ƙoshi tun da safe kafin ya hau ruwa, sauran yinin sai ɗan taɓawa. Washegarin da aka kawo Umma gidan miji, ta tashi da murnarta ta dafa wa gida duka kifi da shinkafa, don ta burge su. Surukarta ta buɗe tagogi, ƙannen miji suka yi ta dariya har da riƙe ciki, aka juye abincin aka ba kaji. Shekara guda suna kiranta Ƙarni. Baba bai ce musu komai ba, shi ma ya ɗan murmusa.

"Ni na rako ta, ina tsaye aka yi," in ji Kawu. "Da zan tafi ta ce mini, Yaya, ba wanda zai sake ganin ina ci a garin nan. Na ɗauka zancen amarya ne. To duk shekarun nan me take karyawa da shi?"

Na dubi kan kifin da ke kan faranti. Na zauna a ƙasan kicin.

"Mage," na ce. "Kawu, magen ba ta taɓa ƙiba ba."

Mun isa asibiti kafin likita ya fara zagaye. Da Kawu ya buɗe kula, ɗakin ya kaure da ƙamshi, matar gadon kusa ta ja mayafi ta rufe hanci, nas ta leƙo da shirin faɗa. Ban kula su ba, Umma nake kallo. Hancinta ya motsa. Ta juyo daga bango a hankali. Kawu ya zuba a kwano ya ɗora mata a cinya, ya ce, "Ci, Auta." Hannun hagunta ya fito daga bargo, ta ture cokalin, ta sa yatsu. Loma ɗaya, biyu, uku, romo na bin haɓarta, gumi na tsattsafo mata a goshi. Ban taɓa ganin uwata tana cin abinci da yunwa ba sai ranar, ina da 'ya'ya uku.

Sai ta ɗago ta gan mu, ni da Yaya, mun saki baki muna kallonta. Hannunta ya tsaya. Ta kamo gefen bargo ta ja shi ta rufe kwanon. Bakinta ya yi ta kokawa, sannan maganarta ta farko tun da ta faɗi ta fito, a karkace, da ƙyar:

"Na... mage ne."

Yaya ya juya ya kifa kansa a bango. Ni na tashi na wanke hannu a famfon kusurwa, na dawo na zauna a bakin gadon, na yaye bargon. Na gutsuri kifin na kai baki. Barkonon ya kama mini harshe har hawaye suka zubo, dama suna hanya.

"To Umma, matsa mini," na ce. "Magen taki ta haihu, 'ya'yanta ma yunwa suke ji."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta turo kwanon tsakaninmu, ta mai da hannunta ciki.